Kowa Ya Ce Kakansa Ne Ya Fara

Malam mai karatu, gyara zama, ina da tambaya wadda ko ɗan firamare ba zai ɓata alli a kanta ba. Wa ya ƙirƙiro jirgin sama?

Ka ce 'yan gidan Wright, wa da ƙane, Wilbur da Orville, masu sana'ar keke a garin Dayton na Amurka? Madalla da ɗalibi! Na ga ma bakinka na motsi za ka ƙara mini da kwanan wata: 17 ga Disamba, 1903, a rairayin Kitty Hawk, daƙiƙa 12 a sama, tafiyar mita 37. Ka ci jarrabawa. Saura ka yanki tikitin Birazil, ka tsaya tsakiyar kasuwar birnin Rio ka maimaita wannan amsa da ƙarfi. Ka dai tabbata takalminka na gudu ne. Filin jirgin da ke cikin birnin sunansa Santos Dumont, kuma a makarantunsu abin da ake koya wa yara shi ne Alberto Santos-Dumont ne uban jirgin sama.

Ka ce ƙarya suke yi? Sannu alƙali, ko shaida ba ka saurara ba ka yanke hukunci. Ranar 23 ga Oktoba, 1906, a filin Bagatelle na birnin Paris, mutumin nan ya hau jirginsa mai suna 14-bis, ya ɗaga a gaban ɗimbin jama'a da alƙalai, ya yi kusan mita 60. Ranar 12 ga Nuwamba ya sake, ya yi mita 220. Gani ya kori ji. Hujjar mutanen Birazil ba ta da kwana-kwana: namu a kan tayoyinsa ya yi gudu ya tashi da ƙarfin injinsa, kowa na kallo, naku a kan dogo aka ɗora shi, iska mai ƙarfi ta tallafa masa, 'yan kallo biyar kacal, daga baya ma da majaujawa ake cilla shi. In dai da majaujawa ne, in ji su, ai ko dutse ma yana tashi. A bikin buɗe wasannin Olamfik na 2016 a Rio suka fito da kwaikwayon 14-bis, duniya na kallo, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ka ce to ka koma bayan Birazil? Haba Malam, da wuri haka? Majaujawar nan sai a 1904 aka fara aiki da ita, tashin 1903 babu ruwansa da ita. Kuma ranar 5 ga Oktoba, 1905, shekara guda cur kafin Santos-Dumont ya yi mita 60 ɗinsa, Wilbur ya yi ta kewaya wani fili kusa da Dayton har kilomita 39, bai sauko ba sai da mai ya ƙare. Ɓoyo ne ya cuci 'yan gidan Wright. Suna tsoron a sace musu fasaha kafin su samu mai saye, sai suka kulle jirgin, ba su sake tashi ba sai 1908. Da Wilbur ya je Le Mans a watan Agusta na shekarar, ya karkata, ya yi kwana, ya juya a sama yadda ya ga dama, Faransawan da ke ce musu 'yan cika baki suka shiga neman wurin ɓoye fuska.

Kada ka tashi tukuna, layin da tsawo. Faransa ta ce Clément Ader nata tun 1890 ya ɗaga da injin tururi, ya yi kusan mita 50, ko da yake tsakaninsa da ƙasa bai wuce santimita 20 ba. Rasha ta ce Mozhaysky nata ya gangaro daga kan tudu a 1884. Mutanen New Zealand suna da manominsu Richard Pearse, wanda ya tashi ya sauka a kan shingen gona. Shi da kansa ya sallama wa 'yan gidan Wright, amma magoya bayansa har gobe ba su sallama ba. A cikin Amurka ma ba a zauna lafiya ba. Jihar Connecticut ta yi doka a 2013 cewa Gustave Whitehead ne ya fara tashi a 1901. Jihar Ohio da Carolina ta Arewa kuwa a jikin lambar mota suke yi wa juna habaici: Ohio ta rubuta cewa a gidanta aka haifi harkar jirgi, Carolina ta rubuta cewa a gidanta aka fara tashi.

Ka gano wayon? Wannan sukuwa ce da kowa ke jira dokinsa ya tsaya, sannan ya sauko ya shata layin ƙarshe a gaban kofatonsa. In tashi shi ne inji ya raba ka da ƙasa ko da na ƙiftawar ido ne, Ader ya ci. In tashi shi ne ka ɗaga a kan taya gaban alƙalai, Santos-Dumont ya ci. In tashi shi ne ka je inda ka nufa, ka juyo, ka sauka da ƙasusuwanka a haɗe, 'yan gidan Wright sun ci, kuma a nan mafi yawan masana tarihi suka tsaya. Faɗa mini ƙasarka, in faɗa maka ma'anar tashi.

Ka ce ko ba komai Amurka ta riƙe 'ya'yanta da daraja tun farko? Ashe ba ka ji labari ba. Babban gidan tarihinsu na Smithsonian ya shafe shekaru yana cewa jirgin tsohon shugabansa, Samuel Langley, shi ne na farko da ke da ikon tashi da mutum. Wane jirgi? Wanda ya ci dala 50,000 na gwamnati, ya faɗa kogin Potomac sau biyu, na biyun saura kwana 9 a yi tashin Kitty Hawk. Orville ya fusata ya tattara jirginsu ya aika Landan a 1928. Shekara 20 yana can a hannun Ingila. Da za a dawo da shi a 1948, magada suka sayar wa Smithsonian a kan dala ɗaya, da sharaɗi a rubuce: ranar da gidan ya ce wani jirgi ya riga wannan iya tashi, za su ɗauke kayansu. Ka ji tarihi da yarjejeniyar lauya.

Mu sauko ƙasa kada jiri ya ɗebe ka. Wayar tarho fa? Ka ce Alexander Graham Bell? Na wace ƙasa? A Edinburgh aka haife shi a 1847, saboda haka mutanen Sikotlan suka ce nasu ne. A 1870 iyalinsu suka yi ƙaura zuwa Brantford, saboda haka Kanada ta ce nata ne. A Boston ya yi aikin, ya zama ɗan ƙasa a 1882, saboda haka Amurka ta ce kowa ya kama gabansa. Mutum ɗaya, ƙasa uku, tun ba a zo kan masu cewa ba ma shi ba ne.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1876, lauyan Bell ya kai takardar neman mallakar fasahar ofishin rajista a Washington. A wannan ranar, a wannan ofishin, aka kawo takardar kama wuri ta Elisha Gray a kan irin wannan na'ura. Rana ɗaya, Malam! Har yau ana musu kan wa ya riga shiga ƙofa. Ranar 7 ga Maris Bell ya samu tasa, Gray ya samu labari. Jamusawa suka yi tsaki, suka ce malamin makarantarsu Philipp Reis tun 1861 ya nuna na'urarsa a Frankfurt. An ce jimlar gwajin da aka faɗa a cikinta ita ce wai doki ba ya cin kwaɗon kokwamba. Ka ce wannan wace irin magana ce? Da gangan aka zaɓi shirme, don kada mai sauraro ya cike gurbi da hasashe. Dabarar ta fi na'urar kyau, domin na'urar ta fi gwaninta wajen kawo amon kiɗa a kan maganar mutum.

Italiya kuwa hawaye take yi a kan Antonio Meucci, mutumin Florence da ya zauna a New York. Ya shigar da takardar kama wuri a 1871, ana sabunta ta da dala 10 duk shekara, bayan 1874 bai sake sabuntawa ba. Ya mutu a 1889 cikin talauci, kamfanin Bell na ƙirga riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan shekara 113, ranar 11 ga Yuni, 2002, Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙudirin karrama aikinsa a kan tarho. Ka ce shi ke nan, an ba mai haƙƙi haƙƙinsa? Kwana goma tsakani Majalisar Kanada ta zauna ta kaɗa ƙuri'a cewa Bell ne, Bell ɗin dai. An kai ƙarar tarihi gaban 'yan siyasa, sun yanke hukunci da ɗaga hannu. Saura su zauna su tantance ko ruwa gangare yake bi.

Amma in ana maganar gwanaye a wannan wasa, a cire wa Tarayyar Sobiyat hula. A ƙarshen shekarun 1940, zamanin Stalin, aka shiga yayin cewa kowane abu Barashe ne ya fara: rediyo, ƙwan lantarki, jirgin sama, injin tururi, har keke. Abin ya kai Rashawa da kansu suka mai da shi barkwanci, suna cewa ai Rasha ce asalin mahaifar giwaye. A 1956 aka buga kan sarki na tunawa da wani magatakarda mai suna Kryakutny, wai shi ya tashi da balan-balan mai hayaƙi a Ryazan a 1731, shekara 52 kafin 'yan gidan Montgolfier na Faransa. Da masana suka haska takardar da labarin ya fito, sai ga shi an yi mata kwaskwarima: a ƙarƙashin sunan gwarzon, abin da aka fara rubutawa shi ne wani Bajamushe mai suna Furtzel. Takardar kanta daga hannun wani shahararren mai ƙera jabun tsofaffin rubuce-rubuce ta fito. Jabu a kan jabu, ga kan sarki a kai.

Ka ce ka gani, duk da'awar Rasha tatsuniya ce? Riƙe harshenka. Alexander Popov mutum ne na gaske, kuma ranar 7 ga Mayu, 1895, ya nuna na'urarsa mai kama alamun walƙiya daga nesa a birnin St. Petersburg. Har yau 7 ga Mayu ita ce Ranar Rediyo a Rasha. Italiya ta ce Marconi, wanda sai da ya tafi Ingila a 1896 kafin a saurare shi. Indiya ta ce Jagadish Chandra Bose na Kalkata. Kwamitin Nobel ma a 1909 raba kyautar ya yi tsakanin Marconi da Bajamushe Ferdinand Braun. Dukansu kuma a kan gwajin Heinrich Hertz suka ɗora, shi kuwa ya rasu tun 1894, bai ji ko taken buɗe tasha ba.

Na san inda za ka ɓullo. Ka ce ai Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1943 cewa Nikola Tesla ne ya ƙirƙiro rediyo? Ba ta ce haka ba. Abin da ta yi shi ne rushe wasu sassa na wata takardar mallaka ta Marconi da ta shafi daidaita zango, saboda aikin Oliver Lodge da John Stone da Tesla ya riga ta. Mutum uku aka ambata, kai ka ɗauki ɗaya ka saka a aljihu. Shi Tesla ɗin ma ana kan rabon gadonsa. Basabiye ne da aka haifa a 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda yanzu yake cikin Kuroshiya, ya yi aikinsa a Amurka. Sabiya ta sa sunansa a filin jirgin Belgrade da fuskarsa a takardar dinari 100. Kuroshiya ta sa shi a sulallanta na yuro da suka fito a 2023, Sabiya ta yi ƙorafi. Mutumin da ya mutu da bashi a ɗakin otal a New York, yau ƙasa biyu ke faɗa kan wa zai buga shi a jikin kuɗi.

Na ga kana ta ƙyaƙyata Turawa har da buga cinya. To matso, wanzami ba ya son jarfa, amma yau sai an yi maka. Ba kai ne ka turo mana saƙo a WhatsApp cewa Abbas ibn Firnas ne ya ƙirƙiro jirgin sama ba? Masani ne na ƙwarai a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a 887, akwai gada da sunansa a birnin, akwai rami da sunansa a duniyar wata. Cikakken labarin tashinsa daga al-Maqqari ya zo, bayan fiye da shekara 700: ya ɗaura fukafukai, ya yi nisa, wajen sauka ya ji ciwo a baya saboda ya manta bai yi jela ba. Ka ce to ai ya tashi? Ya yi shawagi, kuma jarumi ne. Sai dai Ingila ma tana da nata, wani ɗan zuhudu mai suna Eilmer na Malmesbury a ƙarni na 11, wanda ya diro daga hasumiya ya karya ƙafa biyu. Ka san abin da ya ɗora wa laifi? Rashin jela.

Ka ce to lambobi fa, ai ko Turawa na Larabawa suke ce musu? Je ka tambayi Larabawan, za su ce maka na Indiya ne. Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili a 628. Al-Khwarizmi, a Bagadaza wajen 825, ya rubuta littafi a kan lissafin Indiyawa, bai ɓoye inda ya samo ba. Shi ma bai tsira ba: Uzbekistan ta kafa masa mutum-mutumi a Khiva, Iran tana ba da kyautar kimiyya da sunansa, Larabawa suna cewa da harshensu ya rubuta, Sobiyat ma ta buga masa kan sarki a 1983. Shi ya ambaci malamansa, mu ne muke goge su.

Sai kuma na gida. Ka ce ɗan Najeriya ne ya ƙirƙiro intanet? Philip Emeagwali ya ci kyautar Gordon Bell a 1989 a kan lissafin rijiyoyin mai da babbar kwamfuta, Bill Clinton ya yabe shi a gaban majalisar dokokin Najeriya a 2000, wannan duk gaskiya ne. Amma ranar da saƙon farko ya bi ARPANET, kakar intanet, a Oktoban 1969, shekarunsa 15. Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar da ƙa'idar haɗa hanyoyin a 1974, Tim Berners-Lee na Ingila ya tsara yanar gizo a 1989 a cibiyar CERN kusa da Janiba. Kyauta ɗaya ta gaskiya ba ta ishe mu ba, sai mun ɗora mata rawani goma har ta fara layi. Ko a kan dafa-duka haka muke. Najeriya da Ghana na ta cacar baki, Senegal ta yi shiru har UNESCO ta sa shinkafa da kifinta a jerin kayan gadon al'ada a 2021. Tumatir da barkonon da ke ja a cikin tukunyar kuwa daga nahiyar Amurka suka zo.

Ka ce wato ina nufin babu wanda ya ƙirƙiro komai, kowa ɓarawo ne? Kai ka faɗa. Abin da nake nufi shi ne ƙirƙira tana da lokacin nuna. Mutane sun daɗe da sanin cewa zare zai yi haske in wuta ta bi ta cikinsa, matsalar ita ce iska tana ƙone shi. Da Hermann Sprengel ya fito da famfon zuƙe iska mai inganci a 1865, sai ƙwan lantarki ya fara tsirowa ko'ina: Lodygin a Rasha, Woodward da Evans a Kanada, Joseph Swan a Newcastle, Edison a 1879. Swan da Edison suka ga shari'a asara ce, suka haɗa kamfani ɗaya a Ingila a 1883, suka raɗa wa ƙwan suna Ediswan. Masu abu sun shirya, jikokin 'yan kallo na dambe. A 1922 wasu masana biyu, William Ogburn da Dorothy Thomas, suka jera abubuwa 148 da mutane daban-daban suka gano kusan lokaci ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba. Tambayar da ke da amsa ita ce me kowa ya ƙara. Edison ya ƙara zare mai daɗewa da tashar wuta da wayoyin da za su kai ta gidaje. 'Yan gidan Wright sun ƙara linzami. Marconi ya ƙara nisa da kasuwa.

In kana son na gida da gaske, ga shi. Ka san Mohammed Bah Abba? Ka ce wa? Ka gani! Malami ne da ya koyar a Jigawa. Bai ce shi ya gano cewa randa na sanyaya ruwa ba, wannan kakar kowa ta sani. Abin da ya yi shi ne ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan na bushewa yana jan zafi waje, kayan miyan da ke ruɓewa cikin kwana uku suka koma yin makonni, babu wuta babu janareto. Ya sa maginan tukwane suka yi ta yi, ya rarraba a ƙauyuka, ya ci kyautar Rolex a 2000. Wanda ya tsare wa manomi tumatirinsa ba ka san sunansa ba, wanda bai ƙirƙiro intanet ba ka tura labarinsa gida goma. Ba girin-girin ba, Malam, ta yi mai.

Akwai ma doka a kan wannan rikici. A 1980 wani farfesan ƙididdiga na Jami'ar Chicago, Stephen Stigler, ya ce babu wani binciken kimiyya da ke ɗauke da sunan wanda ya fara gano shi, ya sa wa dokar sunansa. Sannan ya bayyana cewa Robert Merton ne ya fara gano ta, don dokar ta tabbata a kan kanta.

Ka ce ai kai ma ka daɗe da wannan tunani tun kafin Stigler da Merton? Na yarda, har ga Allah na yarda. Kawo takarda mai kwanan wata, da shaidu da suka wuce biyar, kuma kada ka manta da dala goma ta sabuntawa.